Mota Mai Tobo Ba Ta Ja: Tambayoyi da Amsoshi Kan Kilif ɗin Tiyon Intakula

A garejojin Kaduna ana sauke tobo masu lafiya da yawa, alhali laifin na ɗan kilif ne, wato zoben ƙarfe mai ɗaure tiyo, da ya saki a bakin tiyo. Waɗannan su ne tambayoyin da direbobi, masu mota da yaran gareji suka fi yi idan mota mai tobo ta rasa ƙarfi. Bayanin ya shafi Hilux da Hiace masu injin D-4D, Ford Ranger da Mitsubishi L200 masu tobo, Sharan da Golf masu TDI, Peugeot masu THP ko HDi, da manyan motoci irin su MAN, DAF da Howo. Hilux mai fetur 2.7 da Hiace mai tsohon injin 5L ba su da tobo, don haka ba da su ake ba.

Wace alaƙa ce tsakanin ɗan kilif da ƙarfin mota?

Tobo yana zuƙo iska daga iyakilina, ya matse ta, ya tura ta injin. Matsewar tana sa iskar ta yi zafi, sau da yawa ta haura digiri 120, shi ya sa ake bi da ita ta cikin intakula ta huce kafin ta shiga manifol, wato bututun da ke raba iska zuwa cikin injin. Daga bakin tobo zuwa manifol akwai bututan ƙarfe ko na roba mai tauri, an haɗa su da guntayen tiyo, kowane bakin tiyo da kilif ɗinsa. A ƙaramar mota za ka ƙirga mahaɗa huɗu zuwa takwas.

Ga lissafin da ke nuna nauyin da ke kan kilif. Tiyo mai faɗin milimita 60, idan matsin iska ya kai ba 1 (ba, wato bar, ma'aunin matsi ne), ƙarfin da ke ƙoƙarin fizge shi daga bakin bututu ya kusa kilo 29. Idan matsin ya kai ba 1.5, kamar yadda injinan gas na zamani ke kaiwa, ya haura kilo 40. Duk taka totur sai wannan nauyi ya hau, duk sakin ƙafa sai ya sauka. Kilif ɗin da bai kama da kyau ba zai bar iskar da tobo ya sha wahalar matsewa ta tsere waje, injin kuma ya samu ƙasa da abin da yake bukata.

Da me zan gane iska ce ke zurarewa?

Alama ta farko ita ce nauyin jiki. Ka taka totur a hawan gadar Kawo ko za ka wuce tirela a hanyar Zariya, injin ya yi ƙara amma motar ba ta miƙe ba. Tare da haka sau da yawa za ka ji huci ko fito daga gaban mota, wanda ke ƙaruwa da taka totur, ya ɗauke da ka saki ƙafa.

A motar gas, baƙin hayaƙi ne ke biyo baya, domin man da nozul ke fesawa ya fi ƙarfin iskar da ta iso. A motar fetur mai na'urar auna iska a bayan iyakilina, ƙwaƙwalwar mota ta riga ta ƙirga iskar kafin ta tsere, sai ta ba da mai daidai da iskar da ba ta iso ba. Shan mai ya ƙaru, fulogi su yi baƙi, motar ta riƙa shaƙewa idan an taka. Idan zubar ta yi yawa, fitilar injin za ta kama a dashbod, wata motar ma ta rage wa kanta ƙarfi da gangan, ta ƙi wuce wani gudu har sai an kashe an sake tayarwa.

Idan tiyon ya fice gaba ɗaya, ba a ɓoye yake ba: za ka ji "fum" kamar fashewar taya, nan take ƙarfin ya tafi.

To me ya sa a gareji lafiya lau take, sai an hau titi?

Domin a silo tobo kusan ba ya matsa komai. Ko an yi ta zuga totur mota na tsaye, matsin da ke taruwa kaɗan ne kuma na ɗan lokaci, tunda babu kaya a kan injin. Mahaɗar da ke riƙe ba 0.3 tana iya buɗe baki a ba 1. Ga kuma motsin injin: idan ya ɗauki kaya yana karkata a kan kujerunsa, ya ja bututun da ke jikinsa, alhali intakula na ɗaure a jikin bodi. Wanda ya zuga totur sau uku a gareji ya ce maka babu zuba bai gwada komai ba tukuna.

Na ga baƙin mai ya jiƙa bakin tiyo. Tobo ya mutu ke nan?

Ba lallai ba. Kusan kowane injin mai tobo yana da ɗan maiƙo a cikin bututan iska, saboda tururin mai daga cikin injin ana mayar da shi ne ta gaban tobo. Wannan maiƙon shi ne ma babban mai tona asirin zuba: inda iska ke fita, nan mai ke tsattsafowa, ƙurar hunturu ta manne a kai, sai ka ga baƙin danƙo ya zagaye mahaɗa ɗaya, sauran kuwa a bushe. Wani lokaci za ka ga feshin man a jikin abin da ke fuskantar wurin, kamar lagireto ko cikin bonet. Ka bi feshin, zai kai ka bakin ramin.

Abin da ke tayar da hankali shi ne mai mai yawa: ka cire tiyon ƙasan intakula mai ya zubo kamar rabin kofi, ga shuɗin hayaƙi a salansa, ga baƙin mai na raguwa. Wannan kam sai a duba tobo da numfashin injin, wato hanyar da tururin man nan ke bi. Kuma a motar gas kada a tayar da injin sai an zubar da man nan an wanke intakula, domin injin gas yana iya zuƙar man ya ci gaba da gudu da shi, a kashe makulli ya ƙi mutuwa.

An ɗaure kilif tun daga kamfani. Me zai sa ya saki?

Yawanci ba sukurun ne ya warware ba, robar da ke ƙarƙashinsa ce ta lotsa. Zafi da sanyi kullum suna sa roba ta matse ta rasa kaurinta, kilif kuwa yana nan a faɗinsa na da, sai rata ta samu. Zafin bazara a cunkoson cikin gari yana hanzarta wannan, musamman a tiyon da ke fitowa daga tobo. Mai ma yana jiƙa roba ta yi laushi da santsi.

Sai hannun mutane, wanda shi ne ya fi yawa. An sauke lagireto, an canja belt, an gyara na'urar sanyi, an yi aikin bodi a gaba, aka cire tiyo aka mayar a gurguje. Idan ƙarfin mota ya ragu kwana kaɗan bayan wani aiki, fara da mahaɗar da aka taɓa. Ramukan hanya da kujerun injin da suka mutu su ma suna jijjiga bututu har tiyo ya zame. A motocin da intakula ke ƙasa bayan bamba, karo da tudun rage gudu ko kwatami yana iya ture bututun ba tare da an ga alama a waje ba.

Yaya zan duba da kaina ba tare da kayan aiki ba?

Bari injin ya huce tukuna, gefen tobo yana ƙuna sosai. Ka samu tocila da soket mai lamba 7 ko 8, su ne suka fi shiga kan kilif mai sukuru. Fara daga bakin tobo ka bi bututu har manifol, kada ka tsallake mahaɗa ko ɗaya. A tsofaffin Hilux masu D-4D intakula na saman injin, ƙarƙashin hancin bonet, komai a fili yake. A sababbi da yawancin ƙananan motoci yana gaba, sai an kwanta ƙasa, wani lokaci sai an cire murfin ƙarƙashin injin.

A kowace mahaɗa, kama tiyon da hannu ka murɗa. Idan ya juya a kan bututu, ya saki. Dubi inda kilif ya zauna: a bakin bututu akwai ɗan tudu da ya zagaye shi, kilif kuma bayan tudun ya kamata ya zauna, ba a kansa ba, ba a gabansa ba. Dubi ko ya karkace, gefe ɗaya a ciki gefe ɗaya a baki. Dubi jikin bututu ko akwai wani zobe mai haske inda tiyo ya taɓa zama, alamar ya zame daga wurinsa. Sannan ka matsa tiyon ko'ina, har ƙasansa da cikin lanƙwasa, domin tsaga tana rufe bakinta idan babu iska, sai an matsa take buɗewa. Tiyon da ya yi taushi kamar soso ko ya kumbura ya gama aiki.

Wane gwaji ne ke tabbatar da zuba ba tare da kame-kame ba?

Gwajin iska, injin a kashe. Kayan haɗa shi ba su da tsada: murfin bututun ruwa na roba mai tauri wanda ya yi daidai da bakin tiyo, daga wajen masu kayan famfo, bawul ɗin taya marar tub daga wajen mai faci, geji mai karanta ƙaramin matsi, da ruwan sabulu a gorar feshi. A huda murfin da rami na kimanin milimita 11.5, a zura bawul ɗin ya zauna daram.

Hanya mafi tsabta ita ce a ware bututan daga injin. Cire tiyo daga bakin tobo ka sa murfi mai bawul, ka ɗaure da kilif. Cire ɗaya ƙarshen daga manifol ka toshe da murfi marar rami. Yanzu bututai da intakula sun zama rufaffen abu guda. Sa iska a hankali zuwa ba 0.3, wato kimanin psi 4, ka saurara. Babbar zuba tun nan za ta yi magana. Idan shiru, ƙara zuwa ba 0.7, iyaka ba 1 a ƙaramar mota. Fesa ruwan sabulu a kowace mahaɗa, da inda tankin roba na intakula ya haɗu da alminiyon, da gindin kowace na'ura da ke soke a bututu. Kumfa mai girma tana nuna wurin. Kana fesawa kana girgiza bututun da hannu, don ka kwaikwayi motsin injin. Idan komai lafiya, allurar geji za ta tsaya ko ta riƙa sauka a hankali ƙwarai.

Ana iya sa murfin ta gaban tobo don a haɗa da mahaɗar tobo da ta manifol a gwajin. Idan za a yi haka, a toshe tiyon numfashin injin, a buɗe murfin zuba baƙin mai, don kada iska ta taru a cikin injin ta turo sil. A wannan hanyar geji zai sauka ko babu zuba, saboda iska na bi ta bawul ɗin injin, don haka kunne da kumfa ne abin dogaro.

Hattara biyu. Tankin mai faci yana ɗauke da ba 6 zuwa 8, wanda zai iya fasa intakula cikin ƙiftawar ido, don haka ko dai a sa abin rage matsi, ko a yi amfani da famfon ƙafa. Na biyu, kada kowa ya tsaya saitin murfin. Idan ya kuɓuce da iska a bayansa, fitowa yake kamar dutsen gwafa. A manyan motoci ana gwada intakula a kusan ba 2 da murafan ƙarfe masu sarƙa, a duba nawa ya sauka cikin daƙiƙa 15, kuma kowane kamfani da iyakar da ya yarda da ita.

An sa kwamfuta ta nuna P0299. Me take nufi?

Tana nufin matsin da aka samu bai kai wanda ƙwaƙwalwar mota ta nema ba. Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ba ta ce tobo ya lalace ba, kuma kuskure ne babba a sayi tobo a kan wannan lamba kaɗai. Tana iya zuwa tare da P0101 ta na'urar auna iska, ko P0172 a motar fetur, wadda ke nuna mai ya yi yawa.

Amfanin kwamfuta na gaskiya yana cikin lambobin da take nunawa mota na tafiya. Kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, ka karanta matsin manifol. A Kaduna, da yake garin yana kimanin mita 600 sama da teku, za ka ga wajen kPa 94 ko 95 (kPa 100 daidai yake da ba 1), maimakon 101 na bakin teku. Wannan daidai ne, ba lalacewar na'ura ba ce. Yawancin motoci suna nuna matsi haɗe da na sararin sama, don haka idan ka ga 195 a kan hanya, abin da tobo ya ƙara kusan ba 1 ne. Sai mutum ɗaya ya tuƙa, ɗaya ya riƙe kwamfuta, a sa giya ta uku ko ta huɗu, a taka sosai daga wajen zagaye 1,500 zuwa 3,000 a miƙaƙƙen titi marar cunkoso. A kwatanta matsin da ake nema da wanda aka samu. Idan na biyun yana biye amma kullum a ƙasa, ratar kuma tana faɗaɗa da ƙaruwar kaya, ga huci, to zuba ce ta fi kusa. Idan ya hau daidai sannan ya faɗi kwatsam, akwai mahaɗa ko tsaga da ke buɗewa a wani matsi.

Na gano wurin. In ƙara ɗaure shi kawai?

Idan kana kan hanya, eh, don ka isa gida. Amma gyaran da zai daɗe sai an cire tiyon. Ɗaure kilif a kan roba mai maiƙo ba ya hana ta zamewa. Goge cikin tiyo da bakin bututu da abin wanke birki ko ruwan sabulu, su bushe ƙayau. Duba tudun bakin bututu bai cinye ba, kuma bututun bai lotsa ya daina zama da'ira ba, wanda ke yawan faruwa ga na roba idan an taɓa matse shi fiye da kima. Tura tiyon har ya kai inda aka yi masa iyaka. Idan ya yi tauri, ɗan ruwan sabulu ya isa. Kada a shafa giris ko baƙin mai. Zaunar da kilif a miƙe bayan tudu, ka bar roba kamar milimita 3 zuwa 5 ta leƙo a bayansa, kan sukurun kuma ya fuskanci inda soket zai same shi gobe.

Wajen ɗaurewa ƙarfi ba shi ne gwaninta ba. Kilif mai sukuru mai faɗin milimita 9 yana son ƙarfin ɗauri wajen Nm 3, mai faɗin 12 wajen Nm 5, sai dai in littafin motar ya faɗi wani abu daban. Wannan ƙarfin wuyan hannu ne da ƙaramin soket, ba na dogon hannu ba. Idan ka ga roba na bultsowa ta ramukan kilif, ka wuce. Idan sukurun ya yi tsalle ya koma sako-sako, haƙoransa sun cinye, a jefar da shi. Bayan mota ta yi zafi ta huce sau biyu ko uku, a sake taɓa shi, musamman in tiyon sabo ne, domin sabuwar roba tana zama.

Motocin Volkswagen da wasu na Turai suna da mahaɗa marar sukuru: bakin ƙarfe ne mai kunnuwa, da wayar ƙarfe mai riƙewa, da zoben roba a ciki. Irin wannan ba a ɗaure ta. Idan tana zuba, zoben ne ya mutu ko kunnuwan sun cinye, sai canji. Wajen mayarwa a tura har a ji ta yi "ƙas", sannan a ja baya da ƙarfi a tabbatar ta kama.

Wane irin kilif zan nema a Panteka?

Je da tsohon, ko ka auna faɗin tiyon yana kan bututu. A jikin kilif ana buga iyakarsa, misali 50-70, kuma gara faɗin tiyonka ya faɗo tsakiya. Wanda ya yi girma da yawa yana barin dogon wutsiya, kuma ba ya matsewa daidai a ƙarƙashin gidan sukuru. Nemi wanda cikinsa sumul ne, gefensa a lanƙwashe, ba mai ramuka da suka huda har ciki ba, wanda ke yanka roba. Na ƙarfe marar tsatsa ya fi, saboda damina. Ga manyan motoci da gefen zafi, mai noti da dogon kusa ya fi riƙo, mafi kyau kuma mai sifirin a jikin kusar, wanda ke bin roba idan ta lotsa. Idan motar da mai sifirin ta zo, kada a musanya shi da kilif ɗin tiyon ruwa. Sau da yawa kilif na asali da aka ciro daga motar Beljiyam ya fi sabon mai araha da ake lanƙwasawa da yatsa.

Waya, robar tub ko gam fa?

Waya tana yanka tiyo. Robar tub ba ta jure zafi da mai. Gam ɗin gasket yana sa bakin ya ƙara santsi, guntayensa kuma su bi iska su shiga injin. Idan tiyo ya fice a daji, a goge shi, a mayar, a ɗaure da abin da ya samu, a tafi a hankali ba tare da taka totur sosai ba. Da an shigo gari a yi gyaran gaske.

Zan iya ci gaba da aiki da ita haka zuwa ƙarshen wata?

Motar za ta tafi, amma tobo ne ke biyan kuɗin. Ƙwaƙwalwar mota tana ganin matsi bai kai ba, sai ta ƙara tilasta wa tobo, wanda dama yana juyawa sama da zagaye 100,000 a minti. Gudun da ya wuce ƙima yana gajiyar da fankarsa da abin da sandarsa ke juyawa a kai. A motar gas, ƙarancin iska yana ƙara zafin hayaƙi, ya tara baƙin toka a bawul ɗin EGR mai mayar da wani kason hayaƙi cikin injin, a fukafukan cikin tobo, da matatar hayaƙi ga motar da ke da ita. Ga asarar mai kullum. Idan kuma tiyon ya fice ne gaba ɗaya, injin yana shaƙar iskar titi ba tacewa.

Mahaɗar da ke tsakanin iyakilina da tobo ma a duba ta. Ita ba ta fitar da iska, zuƙa take yi, kuma a hunturu ƙurar da ta shiga ta nan tana cinye bakin fankar tobo.

An gyara kilif, gwajin iska ya nuna babu zuba, amma har yanzu ba ta ja. Sai ina?

A bi daga mai sauƙi. Iyakilina da ta toshe, da filtar mai, wadda ke sa motar gas ta yi nauyi kamar matsalar tobo. Sai na'urar auna matsi a manifol, wadda toka ke toshe wa baki. Sai siraran tiyoyin da ke sarrafa tobo da ɗan bawul ɗinsu na lantarki. Tsaga ɗaya a nan ta isa. Sai sandar da ke buɗe ƙofar hayaƙi ko juya fukafukan tobo, a ga tana motsi har ƙarshe ba ta maƙale ba. Bawul ɗin EGR da ya maƙale a buɗe yana zubar da matsi ta ciki, inda ruwan sabulu ba zai gani ba, haka ma bawul ɗin mayar da iska a motocin fetur idan robarsa ta yage. A duba baƙin toka a gindin manifol na hayaƙi, alamar hayaƙi na tserewa kafin ya kai tobo, a kuma tabbatar salansa ba ta toshe ba.

Makanike ya ce a sauke tobo. Me zan ce masa?

Ba sai an yi gardama ba. Ka ce: "Oga, kafin a sauke, a taimaka a sa wa bututan iska mu gani, a kuma cire tiyon gaba a taɓa fankar." Makaniken kirki ba zai ƙi ba, aikin bai fi rabin awa ba. Injin a kashe, a kama kan sandar fankar da yatsa biyu. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne a yawancin tobo, muddin fankar ba ta taɓa bango. Motsi gaba da baya da ake ji sosai, fukafukan da suka karye ko suka cinye, sawun gurza a bango, ko fankar da ke cijewa idan an juya ta, waɗannan ne hujjar saukewa. Idan an sa wani tobo, a wanke intakula, a duba bututun da ke kawo masa baƙin mai, a sake gwajin iska kafin motar ta bar gareji.